Ranar da Goggo Ta Ga Filin Ƙwallo

Tun da na dawo daga Nijar 'yan majalisarmu ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce, "Nasiru, kwana biyu ka ce za ka yi, me ya riƙe ka har kwana tara?" Wancan ya ce wai na dawo ina yawan yin shiru, ko wani abu aka ba ni na ci. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, ana tsakiya wani ya zo a ce in koma farko. Shi ya sa na zauna in faɗe shi gaba ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Mahaifina yana da yaya mace, Goggo Hajara, wadda ta auri wani malamin makaranta ɗan Dungas tun kafin a haife ni. Sau uku na taɓa ganinta, duk a wajen biki. Bana aka aiko mana cewa yanar ido ta rufe mata idon duka biyu, har ƙofar ɗakinta sai ta lalubo. Baba ya yi magana da asibitin ido a nan Kano aka ba da rana, amma ciwon gwiwa ba zai bar shi ya yi doguwar tafiya ba. Ya kira ni ya ce, "Ka je ka taho min da yayata. Kada ka dawo ba ita." Da na tambaye shi tsarabar da zan riƙe, sai ya ce in sayi ƙwallo. Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Ya ce, "Gidan nan ko turmin atamfa ka kai ba za a yi murna kamar ƙwallo ba."

Haka na shiga mota da ƙwallo a cinya kamar mai rainon jariri. Muka wuce Dambatta, muka wuce Babura, rana ta take muka isa iyaka. A ɓangaren Nijar wani jami'i siriri mai furfura a gemu ya karɓi takarduna, ya duba, ya tambaye ni ina zuwa. Na ce Dungas, gidan marigayi Malam Laminu malamin makaranta. Ya ɗago ya dubi ƙwallon, ya dube ni.

"Gidan Mushe za ka?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum ne Musulmi, ya rasu aka yi masa salla. Ba mushe ba ne."

Ya yi dariya har ya dafa tebur. Sai da ya share ido ya gaya min cewa a wajensu malamin boko ake kira mushe, kuma a duk ƙasar Dungas in aka ce Mushe kawai ba a ƙara suna ba, to mijin Goggo ake nufi. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna min wani tabo a ƙwauri. Ya ce shi ne mai tsaron gida a lakwal ɗinsu, wato makaranta, shekara uku a hannun Mushe. "In ka je ka ce wa Inna mai yaga riga yana gaisuwa. Za ta gane."

Na isa Magariya da la'asar, motar Dungas ta riga ta tashi. Dole na nemi gidan Rakiya, 'yar autar Goggo, wadda take koyar da motsa jiki a wata makarantar garin. Ba a gida na same ta ba. A fili na same ta da usur a baki, tana bin wasu 'yan mata masu hijabi da dogon wando, suna buga ƙwallo da gaske ba wasa ba. Da ta gane ni sai ta tofar da usur ta ce, "Lale da bawana Bakano! Wa ya kwance ka?" Ɗan kawu da 'yar goggo, kun san taubasantaka, ban isa in yi fushi ba.

A gidanta aka kawo min dambun zogale da ya sha mai da ƙuli, da wani dogon burodi mai tauri kamar sanda wanda cikinsa yake da laushi. Mijinta ya ɗora shayi a kan gawayi. Shayinsu ba irin namu na madara a babban kofi ba ne. Ɗan ƙaramin gilashi ne, baƙi, da kumfa a kai, kuma sau uku ake zagayowa. Na farko ɗaci, na ƙarshe kamar zuma. Daga na biyu na fara jin kaina yana yawo a sama, kuma ina jin har na baro ƙasar bai gama saukowa ba.

A nan Rakiya ta ba ni labarin gidansu. Ta ce ubansu shi ya sare ƙaya da hannunsa ya yi filin da yake bayan gidansu a Dungas, ya kafa turaku, ya yi shekaru yana tara yaran makaranta. Su uku ya haifa da suka rayu, duka ukun suka zama malamai, duka ukun suna riƙe da yara masu buga ƙwallo. Babban, Sanusi, ya gaji uban a Dungas. Mai bi masa, Mutari, yana Waca. Bara, bayan rasuwar uban, makarantun biyu suka haɗu a filin Dungas, aka yi gardama a kan wata ƙwallo da yaran Sanusi suka buga, ta shiga ko ba ta shiga ba. Tun daga ranar, in ban da gaisuwar salla, wa da ƙane ba sa magana. Ga shi bana ma su ne suka kai wasan ƙarshe, ranar Asabar, a Waca.

Ta ce, "In Inna ta bi ka kafin Asabar, ka canza min suna."

Da safe na hau babur, wanda mu muke ce wa acaɓa su kuma kabu-kabu. Hanyar da mai babur ya bi, wai ta fi kusa, rairayi ne zalla. Babur yana iyo a cikinsa kamar jirgin ruwa, gawo da goruba suna wucewa a hankali, mutane a gonaki suna sassabe suna ɗago mana hannu. Ina cikin gyangyaɗi sai na ji ni a ƙasa, kwance a kan yashi mai ɗumi, ban ji ciwo ko kaɗan ba. Ƙwallon ce ta gangara ta faɗa cikin ƙaya, muna ji tana huci har ta lotse. Mai babur ya ɗauko ta ya karkaɗe. Ya ce, "Kada ka damu. Inda za ka, asibitin balo ne." Ashe balo suke kiran ƙwallo.

Ban tambayi gidan ba. Daga nesa na hango riguna rawaya a shanye a kan igiya, iska tana kaɗa su kamar yara suna gudu ba ƙafa. Goggo tana zaune a tabarma a tsakar gida, da wata riga a cinya, tana bin ɗinkin da yatsa. Idonta ya yi fari kamar an ɗiga nono a ruwa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta laluba fuskata, ta kama kunnena ta ce, "Kunnen ƙanena ne wannan." Na isar da saƙon jami'in iyaka. Ta ce, "Isufu ne. Ɗan banza, riga uku ya yaga min a shekara guda. Ya yi ƙiba?"

Aka sauke ni a ɗakin marigayi. Ban taɓa kwana a wuri irinsa ba. A saman gado an rataye wata tsohuwar raga cike da matattun ƙwallaye, wasu fatarsu ta koma kamar busasshiyar ƙwarya. Yaya Sanusi, dogo mai ƙarancin fara'a, ya ce ba a zubar da ko ɗaya ba tun zamanin uban, kuma kowacce ya san wasan da ta mutu a ciki. Ya karɓi tawa, ya farke ta, ya liƙe, ya ɗinke da zaren takalmi, kafin azahar tana tsalle a ƙofar gida.

Washegari da hantsi, bayan an sha fura, na kawo wa Goggo maganar tafiya. Na ce rana ta matso, Baba yana jira. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Nasiru, ka san ban taɓa ganin ana buga balo ba?"

Na ɗauka ban ji daidai ba. Filin yana nan bayan katangarta, ko tari aka yi a can sai ta ji.

Ta ce lokacin da aka kawo ta gidan aure, mata ba sa zuwa kallo. Daga baya da mata suka fara zuwa, ita ta riga ta saba. In ana wasa tana nan tana dama kunun tsamiya na yara, tana jin ihu yana tashi yana sauka. In an tashi Mushe ya shigo ya zauna a bakin murhu ya ba ta labari tun daga busa ta farko. Sauran kuma riguna ne suke gaya mata. Wadda ta sha ƙasa a gefe guda, mai ita ya yi ta zamiya yana tare gida. Wadda ta yage a kafaɗa, an riƙe mai ita don ya fi ƙarfinsu. Wadda ta dawo fes, yaron bai samu shiga ba, sai ta ƙara masa kunu. Ita ta ɗinka lambobin kowace riga a gidan nan, har koren rigunan Waca, Mutari yana aiko su a motar kasuwa ko da ba ya magana da wansa.

Ta ce, "Likita ɗan Adam ne. In hannunsa ya kuskure, ɗan hasken nan da ya rage min ya tafi ke nan. To ina so in kashe shi a kan abin da na yi shekara arba'in ina wanke wa datti. Bayan Asabar ka kai ni inda ka ga dama."

Na fita na buga wa Baba waya. Ya ce, "Haka take tun muna yara. Zan roƙi asibiti su ɗaga ranar. Jira ta."

Kwanakin jiran nan sun wuce min kamar a mafarki. Damina ta ƙaraso amma ruwa bai sauka ba. Kullum da yamma hadari ya taso daga gabas, ya tsaya ya kalli garin, ya watse. Kowa ya gyara gona, iri yana ɗaure a ɗaki. A masallaci ana roƙon ruwa, Yaya Sanusi yana amsa amin da ƙarfi, amma a hanyar gida ya raɗa min cewa shi a zuciyarsa yana ƙarawa da "ranar Lahadi". Domin in ruwa ya sauka, kowane yaro gona zai tafi shuka, wasa kuma ya tashi sai baɗi. Da la'asar ina zama a bakin fili. Mu a Kano ƙwallo a bango muke kallonta, a gidan kallo, muna gardama a kan mutanen da ba su san muna duniya ba. A can kowane mai kallo ya san uwar wanda yake riƙe da ƙwallo. Rabin yaran ba takalmi. In ƙwallo ta fita ta faɗa garken awaki, sai an jira mai kiwo ya miƙo ta.

Asabar ta zo ba ruwa. Muka cika wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, yara goma sha shida da mu, Goggo a gaba kusa da direba, da jarka biyu ta kunu a ƙafarta. Sau biyu mota ta kafe a rairayi. Na farko yara suka tura. Na biyu Yaya Sanusi ya hana, ya ce ƙafafun nan na wasa ne, sai ni da shi da wasu masu amalanken shanu muka yi ta fama, har takalmina ɗaya ya nutse na tono shi da hannu. Kusa da Waca ƙasa ta yi sanyi, ga lambuna, ga masu rake a bakin hanya. Wata mata ta leƙa motar ta ga Goggo, ta miƙo mata sanda biyu ta ce a kai wa 'yan balo, ko da na Dungas ne.

Yaya Mutari gajere ne mai yawan dariya, amma da ya ga wadda ake saukowa da ita daga gaban mota sai dariyar ta tsaya masa a fuska. Ya cire hula. Ya ce, "Inna, ke ce? Lafiya?"

Ta ce, "Kallo na zo. Ga kunu, jarka ɗaya taku."

Wa da ƙane suka miƙa wa juna hannu kowa yana duban wani wuri. Aka kawo kujera a ɓangaren baƙi, ta ƙi. Aka kai ɓangaren 'yan gari, ta ƙi. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma daidai tsakiya. Kafin ta zauna ta kama hannuna ta ce in kai ta ta ga iyakar filin. Muka taka daga wannan turke zuwa wancan, tana lissafa sawu a ranta. Da muka isa ta shafa turken, ta tsaya.

"Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan, Goggo.

Ta ce, "Ikon Allah. Yadda suke dawowa a gajiye, ni a raina filin ya kai daga Dungas zuwa Magariya. Ina ganin Mushe can nesa ƙarami kamar tsuntsu, yara suna binsa har su ɓace." Ta yi 'yar dariya. "Ashe ɗan wannan wurin ne ya cinye min miji da 'ya'ya."

Aka busa. Na zauna kusa da ita na fara yi mata bayani irin na gidan kallo, sai ta dafa gwiwata ta ce in yi shiru. Ta ce tana gani. Ba mutane take gani ba, rawaya da kore ne suke narkewa cikin juna, su rabu, su sake haɗuwa, kamar an zuba shuni a ruwa ana juyawa. Ƙwallon kuwa ba ta ganinta sam, sai dai inda launukan suka karkata ta san tana can. Amma kunnenta ya fi idona. Aka yi wani bugu ta ce, "Ƙafar hagu, ɗan gidan mai gyaɗa ne." Na duba, shi ne. Hawaye yana bin kumatunta, ban sani ba ko na kuka ne ko na hasken rana, ban kuma tambaya ba.

Bayan hutu Waca suka ci ɗaya. Gari ya ɗauka, mata suna guɗa. Hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas, baƙi ƙirin, iska mai sanyi tana ɗaga gefen tabarma. Saura kaɗan a tashi wani yaron Dungas ya saki wata ƙwallo daga nesa. Turakun ba raga. Ta yi ƙara a jikin turke ta wuce baya, ba wanda zai rantse ta ciki ta bi ko ta waje. Alƙalin wasa, wani malami da aka ɗauko daga Sassumbrum don kada a ce ya yi son kai, ya ce ba ta shiga ba. Yaya Sanusi ya jefar da hula ya nufi cikin fili. Yaya Mutari ya taso daga can. Mutane suka fara matsowa, na ji wani yana cewa, "Irin ta bara ce."

Goggo ba ta ɗaga murya sosai ba. "Sanusi."

Ya tsaya. Ya dawo ya durƙusa yana huci.

Ta ce, "Ta waje ta bi."

Ya ce, "Inna, ba kya gani fa."

"Shi ya sa na ji. In ta bugi turke ta ciki ƙarar daban, ta waje daban. Tun ba a haife ka ba nake jin su ta bayan katanga." Sannan ta ƙara da cewa, "Ta bara ma ta waje ta bi. Ban faɗa ba ne don ba wanda ya tambaye ni."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi ya ɗauki hularsa ya karkaɗe, ya yi wa yaransa hannu su ci gaba. Aka tashi Waca na da ɗaya. Ina kallo ya taka har inda ƙanensa yake, ya kama shi ta ƙeya kamar yadda ake kama ƙaramin yaro, ya ce, "Ka ci. Amma mai tsaron bayanka na dama ba ya komawa da wuri, in ba ka gyara shi ba baɗi sai na wulaƙanta ka." Yaya Mutari ya ce, "Na sani, Yaya, na rasa yadda zan yi da shi." Suka tsuguna a nan suna zane a ƙasa da tsinke.

Ana miƙa kofi ruwa ya sauko. Ban taɓa ganin taro ya watse haka ba. Ba gudun jiƙewa suke ba, murna suke, kowa ya nufi gida ya kwance iri. Cikin ɗan lokaci filin ya zama ba kowa sai mu. Na ce Goggo ta tashi mu fake, ta ce in bar ta kaɗan. Ta zauna a tabarma fuskarta a sama, 'ya'yanta biyu suna riƙe da zani a kanta, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ko'ina.

Ranar Litinin muka kamo hanya. Kayanta kaɗan ne, amma ta dage sai an ɗora wani buhu na rigunan makarantun biyu, wai in ido ya buɗe za ta rage aiki a Kano.

An yi aikin ido ɗaya, Allah ya ba da sa'a. Da aka cire bandeji ta dubi Baba ta daɗe, ta ce, "Kai, ƙanena, wa ya tsofar da kai haka?" Da muka koma gida ta sa matata ta kwance buhun. Ta ɗauki riga ta farko ta ɗaga ta wajen haske, sai na ga fuskarta ta canza. Lambobin da ta ɗinka a 'yan shekarun nan duk a karkace suke. Wata bakwai ta kwanta, wata huɗu tana kallon baya, zare kore a kan rawaya, rawaya a kan kore. Ta ce in kira mata Sanusi. Da ya ɗauka muka ji muryar Mutari a kusa da shi, ashe ya zo taya shi shuka.

Ta ce, "Shekara nawa kuna sa wa 'ya'yan mutane wannan abin kunya, ba wanda ya gaya min?"

Daga can Yaya Sanusi ya ce, "Inna, mun so mu kai wa tela ya gyara a ɓoye. Yaran ne suka ƙi. Wannan bakwai ɗin da ta kwanta, har dambe ake yi a kanta farkon kowace shekara."

Goggo ta miƙo min wayar. Matata ta riga ta ɗauko reza don a fara farke ɗinkin, Goggo ta ce ta mayar. Ta shimfiɗa rigar a cinya, ta shafe ta da tafin hannu, ta ninke ta yadda take, ta ɗauki ta gaba.